Sojan Roba Mai Wushirya

Duk wanda ya saba sayen maganin feshi ko irin masara a shagon Damilare da ke Funtua ya san kabad ɗin gilashin da ke can ƙurya, bayan buhunan taki. Abin da ke cikinsa ba na sayarwa ba ne. Sojojin roba ne jere reras, wasu tsawon ɗan yatsa, wasu sun haura taƙi guda, kowanne da kakinsa da hular kwano da 'yar bindigarsa.

Damilare haifaffen Funtua ne. Mahaifinsa ya zo daga Ogbomoso tun zamanin da auduga ke tashe, ya buɗe shagon kayan keke, mahaifiyarsa kuwa gwanjo take sayarwa. A cikin wata dila da ta kwance ne Damilare ya tsinci sojansa na farko, a aljihun wandon yara, hannu ɗaya a karye. Lokacin yana firamare. Ya girma, ya gaji shagon, ya mai da shi na kayan noma, ya yi aure, har furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma abin bai sake shi ba. Masu dilar kayan wasan yara daga Funtua har Malumfashi duk suna da lambarsa. Da sun ga soja a cikin kaya sai su ware masa gefe.

Tarawa kaɗai ba ta isarsa. Yawancin sojojin da fuskar Turawa suke zuwa, da kakin wasu ƙasashe, wani ba kai, wani ba ƙafa. Shi kuwa sai ya zauna da reza da magagari da gam da fenti ya mai da su namu. Ya rage tsinin hanci, ya ƙara leɓe, ya sauya launin fata, ya yi musu sabon kaki. In ya gama ya ɗauki hoto ya tura wa abokan sha'awarsa na Legas da ƙasashen waje, waɗanda bai taɓa gani ido da ido ba.

Mutanen gari kowa da abin da yake faɗa. Manoma su yi dariya su ce, "Oga Dami, gemai-gemai da kai kana wasan 'yar tsana?" Wasu su kau da kai su ce gumaka ne. Matarsa Morenike ba ruwanta da wannan gardamar. Ita dai tun ranar da koren fenti ya zube mata a kan ashoke, zanenta na biki, ta kore su daga gida, shi ya sa suka tare a shago.

Mutum ɗaya ne kan tsaya gaban kabad ɗin ya dube su ɗaya bayan ɗaya, shi ne Abdulrahman ɗan Maska. Tare suka yi sakandare, benci ɗaya. Da suka gama, Damilare ya shiga shago, Abdulrahman ya shiga soja. Duk hutun da ya zo sai ya biyo ta shagon, ya sha lemo, ya yi wa sojojin tsiya ya ce ba su taɓa jin ƙarar harsashi ba, kana ya hau babur ya wuce gida.

Sai aka yi shekarar da bai zo ba. Labari ya iso cewa motarsu ta taka nakiya a arewa maso gabas, yana kwance a asibiti. Da aka dawo da shi Maska bayan watanni, ƙafarsa ta hagu daga gwiwa zuwa ƙasa babu.

Damilare ya je dubiya, ya kuma komawa. Kullum a zaure yake samunsa, zaune kan katifa, ya jingina da bango. An ba shi ƙafar roba daga asibiti, tana tsaye a lungu da takalmi a jikinta, ƙura ta hau ta. Ana gaisawa, a tambayi iyali, shi ke nan. Mutumin da a da in ya fara labari sai an roƙe shi ya bari, yanzu sai Damilare ya yi ta surutu shi kaɗai kamar rediyo.

Wata rana zai tafi, matar Abdulrahman, Amatullahi, ta yi masa magana daga bayan ƙofar cikin gida, ta kira shi da sunan ɗansa.

"Baban Tobi, don Allah kar ka gaji da zuwa. Ko masallacin ƙofar gida ba ya fita. In na yi magana ya ce in ƙyale shi. Akwai wani suna da yake yawan kira cikin barci, Shitu. Na tambaye shi, ya ƙi gaya mini."

Damilare ya ce ba zai gaji ba. Ya tafi yana jin nauyin abin, don bai san me zai yi ba bayan zuwan.

A farkon damina wani direba ya kawo masa saƙo daga Legas. Soja ne babba, irin wanda kowace gaɓa tasa take lanƙwasuwa, har yatsu. An daɗe da daina yin irinsa, Damilare kuwa ya yi shekaru yana nemansa. Ga shi lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Wannan kam bai yi niyyar taɓa shi da reza ba, don a wajen masu tarawa irin wannan da an yanke shi darajarsa ta tafi. Ranar yana da kayan da zai kai wa wani manomi a Maska, ya kasa barin sojan a shago, ya naɗe shi a tawul ya sa a jaka.

Da ya sauke kayan ya biya ta gidan abokinsa. Ya buɗe jaka zai ciro kilishin da ya sayo masa, sai ƙafar sojan ta leƙo.

"Har yanzu kana wannan shirmen?" in ji Abdulrahman. "Miƙo in gani."

Damilare ya miƙa masa. Abdulrahman ya juya sojan, ya lanƙwasa gwiwarsa, ya miƙe ta, ya ɗaga hannunsa. Ya nuna lungu da haɓa.

"Ni ma ai na zama ɗan uwansu. Ga tawa can."

Damilare bai yi dariya ba, shi ma mai maganar bai yi ba. Abdulrahman ya ci gaba da kallon sojan.

"Dami, za ka iya mai da wannan ya zama wani mutum? Ba soja kawai ba. Mutum takamaimai."

"Wa?"

"Wani abokin aikina. Shitu, ɗan Dandume."

Damilare ya sosa ƙeya. Ya ce yana da wasu a shago da za su fi sauƙin gyara, gobe ma sai ya kawo guda uku a zaɓa.

"A'a, wannan. Dubi wuyansa, dubi kafaɗar. Haka yake, dogo kamar rimi." Ya miƙa masa abinsa. "In ba za ka iya ba, bar shi."

A gida Damilare ya ajiye sojan a kan tebur yana kallo, amala tana hucewa a gabansa. Ya kwashe labarin ya gaya wa Morenike, har da yadda ya sha wahala kafin ya samu, da yadda abokansa na waya suka yi ta taya shi murna.

"Baban Tobi," ta ce, "tun da aka dawo da mutumin nan, ya taɓa roƙonka wani abu?"

"Bai taɓa ba."

"To roba ce fa. Ci abincinka."

Washegari ya kira Abdulrahman ya ce ya yarda, a turo masa hoton Shitu. Abdulrahman ya ce ba shi da hoto, wayarsa ta ƙone a motar.

"To sai dai ka zo ka zauna kusa da ni kana faɗa ina yi," in ji Damilare. "Kayan aikina suna shago, kuma damina ce, ba zan rufe shago ba."

Abdulrahman ya kashe wayar. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Damilare har ya fara jin wani ɗan daɗi a ɓoye cewa sojansa ya tsira. Sai wata Talata bayan azahar ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar shagon, Abdulrahman ya sauko a hankali, sanda a hannu, ƙafar roba a cikin wando. Ya yi gumi sharkaf. Ya ja benci zuwa ƙurya ya zauna.

"Fara," ya ce.

Damilare ya dafa ruwa a 'yar tukunya, ya tsoma kan sojan har robar ta yi laushi, ya zare shi daga wuya. Da ya ɗora reza a kan hancin sai da ya ja numfashi. Yanka na farko shi ne mai wuya. Daga nan hannu ya saki, aiki ya zama aiki.

Ba a rana ɗaya aka yi ba, ba kuma a mako ɗaya ba. Da safe shagon cike yake da manoma masu neman maganin ciyawa da taki, sai bayan la'asar ake samun sarari. Abdulrahman yana zuwa ranar da ya ga dama. Damilare ya kwaɓa gam da garin alli yana ɗorawa da tsinken sakace, yana gina kumatu da haɓa, in ya bushe ya goge da magagari. Abdulrahman yana leƙe ta kafaɗarsa.

"Goshin ya yi faɗi. Rage."

"Haka?"

"Ƙara kaɗan. Yana da bille a kuncin dama. Ba nan ba, sama."

Wajen fenti suka fi yin rigima. Damilare ya haɗa launi har sau nawa, Abdulrahman yana cewa wannan ya yi baƙi, wannan ya yi ja kamar na mai shafa mai.

"Wankan tarwaɗa ne, Bayerabe, ba ka san wankan tarwaɗa ba?"

"A garin nan aka yanke mini cibiya, kai ɗan ƙauye. Kai ne ba ka iya kwatance ba."

Ranar ce Damilare ya fara jin dariyar abokinsa tun dawowarsa, gajeriya ce, amma dariya ce.

Da aka zo baki, Abdulrahman ya ce a buɗe shi kaɗan, don Shitu ba ya rufe baki, in ba magana ba to dariya, kuma yana da wushirya wadda in ya yi murmushi daga nesa ake hangowa. Damilare ya sassaƙa bakin, ya shafa farin fenti siriri, ya ɗauki allura ya ja ɗan layi baƙi a tsakiya. Abdulrahman ya karɓi kan a tafin hannunsa. Ya dube shi, ya ajiye, ya tashi ya fita waje ya tsaya yana kallon titi. Damilare ya ƙyale shi, ya shiga wanke buroshi.

Wajen kaki kuwa, Abdulrahman ya kawo tsohuwar rigarsa ta aiki ya ce a yanka. Da aka gwada sai zanen ya yi girma, tabo ɗaya ya rufe bayan sojan gaba ɗaya. Dole aka nemo ƙyalle mara zane, Morenike ta ɗinka riga da wando da hannu a gida, tana mita tana ɗinki, Damilare ya zana tabo-tabon da bakin buroshi. Daga tsohuwar rigar, zare kawai aka zara aka yi igiyar takalmi. Abdulrahman ya ce saura buta, don Shitu duk inda za a je da 'yar butarsa rataye a jaka, ana yi masa tsiya ba ya fasawa. Damilare ya yi ta da murfin kwalbar maganin ido da guntun waya.

A tsakanin waɗannan ayyuka labarin ya riƙa fitowa gutsure-gutsure. Shitu mai son gyaɗa ne, aljihunsa ba ya rabuwa da ita. Ko a bakin daga, in an samu sabis, kira yake gida yana faɗa a kan gonarsa ta waken suya. Da suka gane su biyun daga yanki ɗaya suke, sai suka zama kamar wa da ƙane. Sauran labarin sai ranar da ake ɗaura wa sojan bel ya fito, ana ruwan sama, ba kowa a shagon.

"Da motar ta tashi, ni ban san inda nake ba," in ji Abdulrahman, idonsa na kan tebur. "Na farfaɗo na ji ana harbi ta ko'ina. Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Ya saɓa ni a baya ya kai ni wani kwazazzabo, ya cire bel ɗinsa ya ɗaure mini cinya. Ya ce in jira, direbanmu yana da sauran numfashi. Na riƙe masa riga, ya fizge. Ya koma, bai dawo ba. Direban ya rayu. Yana Jos yanzu."

Damilare ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Iyayensa suna Dandume, nan da nan," Abdulrahman ya ci gaba. "Ban je gaisuwa ba har yau. In je in ce me? Ga ni, ni ne wanda ɗanku ya ɗauka?"

"Ka ce abin da ka gaya mini yanzu."

"Da sauƙi a bakinka."

Da aiki ya kammala, suka tsai da sojan a kan kanta. Damilare ya san bai taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba. Ya ɗauko waya zai yi hoto, Abdulrahman ya ce kar ya tura wa kowa. Ya mai da wayar aljihu.

"Ranar Asabar za ka kai ni Dandume," in ji Abdulrahman. "Da shi za mu."

"Ka san fa ba lalle su karɓa ba. Ka san yadda dattawa suke kallon irin wannan."

"Na sani. Ba zan iya shiga gidan nan hannu rabbana ba, kuma ba goro ko sukari nake son kaiwa ba."

Suka tafi da hantsi a cikin a-kori-kurar Damilare. Masara ta yi kai a gonaki hagu da dama, hanya duk taɓo, sai kauce wa ramuka ake yi. Abdulrahman ya rungume jakar a cinya har suka shiga gari. Suka yi tambaya wajen wani mai faci, ya kwatanta musu gidan Malam Maitama, mahaifin Shitu.

Suka same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Dattijo ne dogo, siriri, da ka gan shi ka ga inda Shitu ya samo wuya. Ya shimfiɗa musu tabarma, aka kawo ruwa, aka gaisa, aka tambayi damina. Ya lura da yadda baƙon ya miƙe ƙafa ɗaya da hannu kafin ya zauna, bai yi tambaya ba.

"Baba, sunana Abdulrahman, daga Maska. Tare muke da Shitu ranar da Allah ya yi masa cikawa. Na yi laifi da ban zo da wuri ba."

Malam Maitama ya ajiye fartanyar.

"Ba ka yi laifi ba, ɗana. Yau ce ranar da Allah ya rubuta. Mu dai an zo an gaya mana ya rasu, an yi masa sutura a can. Yadda aka yi, ba wanda ya sani. In ka sani, gaya mini."

Abdulrahman ya faɗa. Bai rage ba, bai ƙara ba. Damilare yana gefe, kansa a sunkuye. Ya lura labulen ƙofar cikin gida ya motsa, akwai mai saurare.

Da ya gama, dattijon ya daɗe yana shafa gemu.

"Ya samu yin kalmar shahada?"

"Ban gani ba, Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma asubar ranar a gefena ya yi salla, kafaɗarsa na gugar tawa."

"Ya isa," in ji Malam Maitama. "Alhamdu lillahi. Tun yana yaro haka yake. In akuyar maƙwabci ta faɗa rijiya, shi ne mai shiga." Ya ɗaga hannu suka yi addu'a, Damilare ma ya buɗe nasa hannuwan.

Daga nan Abdulrahman ya jawo jaka, ya warware tawul, ya ajiye sojan a kan tabarma.

"Baba, wannan abokina ne, Damilare, shi ya yi. Ba ni da hotonsa, shi ne na riƙa faɗa yana yi."

Fuskar dattijon ta sauya. Ya duba, ya kau da kai, ya sake dubawa.

"Na gode da niyyarku," ya ce a hankali. "Amma wannan ba zai kwana a gidana ba. Ban taɓa ajiye mutum-mutumi ba, ba kuma zan fara da na ɗana ba. Kar ku ji haushi."

"Ba komai, Baba," in ji Damilare. "Mun san da haka."

Abdulrahman ya kai hannu zai naɗe, sai aka ɗaga labule. Wata tsohuwa ta fito tana dafa bango, idanunta duk yanar ido ta rufe su. Mahaifiyar Shitu ce, Tsohuwa ake ce mata tun tana yarinya.

"Malam, ba a gidan zai kwana ba, na ji. Amma a ba ni in taɓa."

Malam Maitama bai hana ba. Ta zauna a bakin tabarma, Abdulrahman ya sa mata shi a hannu. Ta kai shi dab da ido, ta ga ba ta gani, sai ta bi shi da yatsu. Ta shafa hular, ta sauko goshi, ta tsaya a kan billen. Ta bi kafaɗa zuwa jaka, ta ci karo da 'yar butar.

"Har da butar," ta ce. "Ni na saya masa ita a kasuwa, ya ce ta yi ƙanƙanta."

Ta koma kan fuskar, ta laluba gefe da gefe, sai ta ɗaure fuska.

"Wa ya yi kunnuwan nan?"

"Ni ne, Inna," in ji Damilare.

"To ba ka iya ba. Shitu kunnuwan kakansa gare shi, fatan-fatan kamar faifai. Har kuka yake yi in yara sun tsokane shi. Wannan ai kunnen ɓera ne."

Abdulrahman ya fashe da dariya. "Wallahi haka ne, Inna. Hular kwano ce take rufe su, na manta." Dariyar ba ta tsaya inda ya so ba, ta juye ta zama kuka, irin na babban mutum, kafaɗu na girgiza. Ba wanda ya hana shi. Tsohuwa ta laluba ta dafa kansa, ta bar hannunta a nan har ya yi shiru.

Ta miƙa wa Damilare sojan.

"Ka tafi da shi, yaro. Amma ka gyara kunnuwan."

Ba a bar su sun tafi ba sai da suka ci tuwon masara da miyar kuɓewa. Malam Maitama ya raka su har mota, ya sa aka zuba musu ɗanyar masara a baya. Ya riƙe hannun Abdulrahman ya ce gidan nan gidansu ne, kar ya sake ya yi nisa. Sannan ya juyo wajen Damilare ya ce ya ji an ce maganin feshi yake sayarwa, tsutsa ta dame shi a gona, me ya kamata ya yi? Suka tsaya a rana suna wannan magana har Abdulrahman ya danna ham.

A hanya Damilare ya tambaye shi ko zai tafi da sojan Maska. Ya ce a'a, a sa shi a kabad tare da sauran, in yana son ganinsa ya san hanya.

Damilare ya gyara kunnuwan a makon. Ba a ce Abdulrahman ya warke sarai ba. Akwai makon da zai zo shagon kusan kullum, ya taya miƙa kaya, ya yi gardamar ƙwallo da manoma. Akwai kuma makon da ko waya ba ya ɗagawa. Amma ya koma fita masallaci, kuma ya zaunar da Amatullahi ya gaya mata ko wane ne Shitu. Damilare ya ci gaba da cigiyar wani soja irin wancan wajen abokansa na Legas, har yau bai samu ba.

Bayan an yi girbi, wata ranar kasuwa, Malam Maitama ya shigo shagon neman maganin da ake sa wa hatsi don ƙwari. Damilare ya ba shi kujera, ya ƙi zama. Ya zagaya bayan buhunan taki kamar mai duba kaya, ya tsaya gaban kabad ɗin, hannuwansa a baya. Damilare ya ci gaba da sallamar mutane bai kalle shi ba. Da dattijon ya dawo bakin kanta sai ya ce, "Zan gaya wa Tsohuwa an gyara." Ya karɓi maganinsa, ya tambayi awon da ake zuba wa buhu ɗaya, aka gaya masa, ya maimaita don kar ya manta, ya fita neman motar Dandume.